Makaranta ta kai tsofaffin littattafanta gwanjo don kuɗi ya yanke: dabara ce ko cin amana?

Dan_Agege77:
Salamu alaikum mutanen gida. Jiya goslo ya riƙe ni kusan awa biyu a kan gadar Third Mainland, ba abokin hira sai waya, shi ne na ci karo da labarin wata kwaleji a Amurka, Mills College, can Kalifoniya. Kuɗi ya yanke musu, sai suka shiga laburarensu suka ɗauko wani tsohon littafin wasannin Shakespeare bugun farko na 1623 suka kai gwanjo a 2020, aka saya dala miliyan 9.98. Littafi ɗaya tal fa jama'a. Ni dai gaskiya ban ga laifinsu ba, abu yana kulle ɗalibi bai isa ya taɓa ba, ga makaranta tana neman durƙushewa, to amfanin me yake yi a ajiye? Na faɗa wa wani abokina haka ya ce in na ƙara faɗa zai daina gaisawa da ni. Ku me kuka gani?

Alhaji_Canji:
Wa alaikumus salam. Dala miliyan goma ba kaɗan?? Ɗan Agege ka san nawa ke nan a kuɗinmu kuwa? Ya haura naira biliyan goma nesa ba kusa ba. Wlh ko ni ne shugaban makarantar da kaina zan rungumo shi in kai musu, har da ledar da za a saka.

Zee_IdiAraba:
Hhhh Alhaji an taɓo wajen. Ni ma dai ina bayan Yaya Ɗan Agege. Mu da yajin aikin ASUU na 2022 ya zaunar da mu wata takwas a gida, in aka ce mana akwai littafi ɗaya da zai biya malamai mu koma aji, wa zai tsaya wani tunanin tarihi

Malam_Lakcara:
Ɗan Agege ka karanta rabin labarin ka bar rabi. Ita Mills ɗin bayan ta sayar da littafin ai ba ta tsira ba, a 2022 jami'ar Northeastern ta haɗiye ta. Littafi ya tafi, makaranta ma ta tafi a matsayinta na mai cin gashin kanta. Dalili kuwa a fili yake: matsalarsu ɗalibai ne suke raguwa, kuɗin da ke fita duk shekara ya fi wanda ke shigowa. Irin wannan ramin duk shekara yake buɗe baki, shi kuwa littafi sau ɗaya ake sayar da shi. Kamar magidancin da cefane ya gagara ne ya sayar da gonar gado, bana a ci a sha, baɗi fa?

Dan_Agege77:
Malam na karɓi gyara, ban san an haɗe su ba. Amma ai ba sayar da littafin ne ya kashe su ba ko? Da ma ciwon ya riga ya ci jiki.

Malam_Lakcara:
Ban ce shi ya kashe su ba, cewa na yi bai warkar da su ba. Tunda bai warkar ba, me aka yi ke nan?

Gardi_Mile12:
Ni tambayata ɗaya ce kafin a yi nisa. Su irin waɗannan littattafan saye makarantun suka yi da kuɗinsu ko ba su aka yi? Don in ba su aka yi da sharaɗin a ajiye jama'a su amfana, wannan a wajenmu sunansa waƙafi, hubusi ke nan, kuma malamai sun ce sharaɗin mai waƙafi ana kiyaye shi kamar yadda ake kiyaye nassi. Ba naka ba ne balle ka sa masa kuɗi, kai mai gadi ne kawai. Mai gadin shago a nan Mile 12 in yunwa ta kama shi ba ya ɗaukar buhun albasar oga ya sayar ya ce ai lalura ce.

Barista_Obalende:
Allah gafarta Malam, ka taɓo inda rigimar take a can ma. Mafi yawa kyauta ce ko wasiyya. A 2013 Jami'ar Landan ta shirya sayar da wasu tsofaffin bugu guda huɗu na shi dai wannan Shakespeare ɗin, waɗanda wani attajiri Sir Louis Sterling ya ba laburarensu na Senate House a shekarun 1950 da sharaɗin su zauna a can dindindin. Da magana ta fito malamai da masana suka yi musu ca, aka yi ta sa hannu a takardar koke, dole suka janye. Abin da ya fi tsorata su ba ma kotu ba ce, masu kyauta ne. Duk attajirin da ya ga an kai wasiyyar wani kasuwa, gobe ba zai ba ku ko allura ba.

MamanIlham_Ketu:
Wannan gaskiya ne Barista. Ko a gida ka ba mutum atamfa ka gan ta a hannun dillaliya ai ka gama ba shi.

Alhaji_Canji:
To Malam Gardi, ashe ko masallaci ne rufinsa ya zube ba za a sayar da tsohuwar darduma a gyara ba? Addini ai bai zo da ƙunci haka ba.

Gardi_Mile12:
Alhaji akwai sauƙi amma da iyaka. A fiƙihunmu na Malikiyya, kayan waƙafi da ba gida ko fili ba, in ya kai ba a iya amfana da shi ta fuskar da aka bayar, ana iya sayarwa a sa kuɗin a irinsa. Ka lura da kalmar, a IRINSA. Littafi ya tsufa ba ya karantuwa, a sayar a sayi littafi. Ba a ce a sayar a sayi dizal ko a biya alawus ɗin zaman kwamiti ba.

Hajiya_Laburare:
Salamu alaikum 'ya'yana, na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin laburare kafin in yi ritaya in dawo nan Surulere wajen 'yata, don haka ku bar ni in ɗan yi tsawo. Abu na farko, Ɗan Agege, ka ce ba mai taɓawa. Ba haka ba ne ɗana. Ɗakin da muke ajiye irin waɗannan ba kamar ɗakin karatu na kowa ba ne, mutum ɗaya zai zo a wata ya zauna sati biyu a kan takardu goma, amma abin da zai rubuta shi za a koyar da dubban yara shekara ashirin. In ka auna da yawan ƙafar da ta shiga ɗakin ka yi kuskuren awo.
Na biyu, masu sayarwa kusan kullum a ɓoye suke yi kuma a gaggauce, shi ya sa ake yi musu wayo. Jami'ar Keele a Ingila a 1998 ta sayar da tarin tsofaffin littattafan lissafi da wani bawan Allah Charles Turner ya tara tsawon rayuwarsa ya ba su kyauta, a ciki har da waɗanda suka fito daga ɗakin karatun Isaac Newton kansa. Fam miliyan ɗaya wani dillalin littattafai ya ba su, sai bayan an gama ciniki yawancin mutane suka ji, masana suka yi ta kumfar baki cewa an yi asara, ihu bayan hari. Kuma abin da mutane ba sa ganewa, tari in ya watse ya watse ke nan. Wannan ya tafi gidan wani attajiri, wancan ya tafi wata ƙasa, ko ka samu kuɗin daga baya ba za ka iya haɗo su ba.
Amma fa ba zan yi muku ƙarya ba, akwai ranar da ni kaina na yi fatan da an sayar. Inda na yi aiki, ba zan faɗi suna ba, na'urar sanyaya ɗakin ta mutu muka rubuta takarda ta fi sau goma ba amsa. Bayan damina biyu na buɗe wani kabad, warin fumfuna ya buge ni sai da na ja baya, na ɗauko wani kundi rubutun hannu a cikin tadarishinsa na fata, daga waje lafiya lau, ina buɗewa sai gari ya zubo min a zani. Gara ta shiga ta ƙasa ta cinye tsakiyar tas ta bar gefe-gefe kamar an yanka da reza. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar an yi min mutuwa.

Zee_IdiAraba:
Innalillahi. Mama wlh jikina ya yi sanyi

Dan_Agege77:
To Mama ai kin dawo kan maganata. Da a bar wa gara ba gara a sayar wa wanda zai kula ba?

Hajiya_Laburare:
Ban dawo ba ɗana. Wanda ya kasa gyara na'urar sanyaya ɗaki, shi za ka damƙa wa biliyan goma ka ce ya yi wa makaranta aiki?

Oga_Sule_Alaba:
Hahaha Mama ta gama magana. A nan ƙasar in aka sayar, kwamiti za a kafa, kwamitin ya kafa ƙaramin kwamiti, a sayi jif uku, a yi wa ofishin shugaba fenti, shi ke nan an sayar da kare an sayi biri.

Basakkwace_Apapa:
Ku dakata, ni kam abin da ka ba ni mamaki, muna ta jimamin littafin Turawa, namu fa? Gidanmu can Sakkwato kakanmu ya bar adaka biyu cike da littattafai rubutun hannu, wasu da ajami wasu Larabci, takardar nan mai kauri da in ka ɗaga ta ga rana kana ganin tambarin jinjirin wata ukku a ciki. Da ya rasu anka zo rabon gado anka rasa yadda za a yi, sai anka raba su kamar yadda aka raba goro, wanga ya ɗebi tuli wancan ya ɗebi tuli. To kun san littattafanmu ba ɗinke su aka yi ba, warwara suke cikin gafaka, sai ga farkon littafi hannun baffana ƙarshensa hannun gwaggona a wani gari. Bayan shekara biyu wani mutum ya zo da mota yana bin gidaje, ya ba ɗan baffan nan nawa kuɗin da bai kai na babur ba ya kwashe rabonsu. Har yau ba mu san inda sunka nufa ba.

Malam_Lakcara:
Basakkwace wannan labarin gidaje da yawa ne. Kuma ba yau aka fara fitar da su ba. Ku nemi labarin Malam Umar Falke, malami kuma ɗan kasuwa a Kano da ya rasu a 1962. Littattafansa da takardunsa sama da dubu uku yanzu haka suna laburaren jami'ar Northwestern a Amurka, an jera an yi musu lamba. Ɗan Kano in yana son ya yi bincike a kansu sai ya nemi biza.

Alhaji_Canji:
Amma suna nan lafiya ko? Ba gara ba fumfuna?

Malam_Lakcara:
Suna nan lafiya Alhaji, shi ne abin da ke ci min rai, don ban san ko in yi fushi ko in yi godiya ba.

Festac_Boy:
Ku tambaye mu mazauna Festac. Sassaƙaƙƙiyar fuskar nan ta Sarauniya Idia ta masarautar Benin da aka yi tambarin bikin FESTAC na 1977 da ita, ta asalin tana gidan tarihin Birtaniya, Najeriya ta roƙa a ba ta aro don bikin aka hana, sai sassaƙa wata aka yi. Wannan ma ƙwacewa Turawan Birtaniya suka yi a 1897, muna da bakin cewa a dawo mana da ita. Wanda ka sayar da hannunka ka ƙirga kuɗi fa, da wane baki za ka nema?

Barista_Obalende:
Ƙarin bayani kan maganar Basakkwace: dokar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta 1979 ta sa takardun da aka rubuta a ƙasar nan kafin 1918 cikin kayan tarihi, ba a fitar da su waje sai da izini, ko cinikinsu ma ba kowa aka yarda ya yi ba. Don haka mai motar nan da wuya in ba ɓarauniyar hanya ya bi ba. Ita ma jami'ar gwamnati a nan ba za ta tashi kawai ta kai irin wannan gwanjon Landan ba.

Oga_Sule_Alaba:
Barista doka a takarda. Ka zo ƙarƙashin gadar Ojuelegba ko Yaba wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, ni da hannuna na sayi wani ƙamus na Hausa tsoho, bangonsa ya ɓare, na buɗe shafin farko ga hatimin laburaren wata makaranta raɗau har da lambar kanta. Ɗari biyar na ba yaron. Wato mu namu sayarwar ba ma ta gwanjo ba ce, ta taga ake miƙowa.

MamanIlham_Ketu:
Ni kuma mai tsiren layinmu ya taɓa naɗe min nama a wata takarda, ina zuwa gida na ga kamar shafin aikin digirin wani ne, har da sa hannun malamai. Wahalar shekara huɗu ta ƙare a yaji da mai

Zee_IdiAraba:
To wai me ya sa ba za a yi sikan ɗinsu duka a zuba a intanet ba, sannan a sayar da takardar? Ilimin ai rubutun ne ba takardar ba. Kowa ya huta, ɗan Kano ma ba sai ya nemi biza ba.

Hajiya_Laburare:
'Yata sikan yana da kyau kuma ana yi, Laburaren Birtaniya ma yana da shiri na musamman da ke ba da tallafi a ɗauki hoton takardun da ke cikin haɗari, an yi a Najeriya. Amma hoto ba ya nuna komai. Wannan tambarin wata uku da Basakkwace ya ambata, a jikin takardar yake, da shi masana ke gane daga Italiya ta zo kuma su kintaci zamaninta. Irin tawadar, inda aka kankare aka gyara, duk sai da ta asali. Sannan ni na ga kwamfutar da aka tara aikin shekara biyu a ciki ta mutu rana ɗaya, ba a ajiye a wani wuri ba. Takardar da ta yi shekara ɗari biyu tana nan, faifan da aka yi jiya ya ƙi buɗuwa.

Basakkwace_Apapa:
Kuma ƙanwata, hannun kakanka da ya riƙa alƙalami ya rubuta, da hotonsa cikin waya, ba ɗaya ba ne. Ni warin gafakar nan ma kawai in na tuna sai in ji wani iri.

Alhaji_Canji:
Ku dai kuna magana ne ba ku ga takardar kuɗin wuta ba. Lokacin da aka mayar da mu Band A, rukunin da aka ce ya fi samun wuta, a watan Afrilun 2024 yunit ya tashi daga naira sittin da wani abu zuwa 225, ni shagona ɗan ƙarami na san abin da nake biya, ina ga jami'a mai hostel da asibiti da ɗakunan gwaji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ma ɗakin da Mama take so a sanyaya dare da rana ai da wutar zai yi aiki.

Festac_Boy:
Alhaji kar ka tuna min, mu Band A a takarda Band Z a zahiri, tun shekaranjiya janareta muke sha

Oga_Sule_Alaba:
Ka zo Alaba in haɗa maka sola, farashin 'yan gida 😂

Admin_Zango:
Jama'a a dawo kan magana don Allah, talla ranar Juma'a ne. Tambayar Ɗan Agege ita ce ko ya dace makaranta ta sayar.

Barista_Obalende:
To bari in kawo wata hanya ta tsakiya, duk da ita zane-zane ne ba littattafai ba. Jami'ar Fisk ta baƙaƙen fata a Nashville ta shiga matsin kuɗi, tana da tarin zane 101 da mai zane Georgia O'Keeffe ta ba ta a 1949 da sharaɗin kar a sayar. Shekaru aka yi ana shari'a, a ƙarshe a 2012 aka yarda ta sayar da rabin mallaka ga gidan tarihin Crystal Bridges kan dala miliyan 30, kayan su yi shekara biyu can su yi biyu nan, ba a raba su ba kuma jama'a na gani. Ni a ganina in dole ta kama, a sayar wa wata cibiya da za ta buɗe wa mutane, a dunƙule, a bainar jama'a.

Gardi_Mile12:
Barista ko rabi ne ai an taɓa sharaɗin matar. Ta ce kar a sayar, ba ta ce kar a sayar duka ba.

Barista_Obalende:
Haka ne Malam, shi ya sa sai da kotu ta shiga. Amma da makarantar ta rufe gaba ɗaya wa zai riƙe amanar?

Malam_Lakcara:
A nan gida ma ai muna da inda za a kai ba sai an sayar ba. Arewa House a Kaduna, laburaren Kenneth Dike a Jami'ar Ibadan, cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, gidan tarihi na Jos, duk suna riƙe da rubuce-rubucen hannu. Matsalar su ma kuɗin kula suke nema. Ƙasar da ginin babban laburarenta a Abuja aka ba da kwangila tun 2006 ana ta jan ƙafa. Ku dubi mutanen Timbuktu, da masu bindiga suka kama garin a 2012, iyalai da su Abdel Kader Haidara mai laburare suka riƙa zuba littattafai a akwatunan ƙarfe ana fitar da su a ɓoye ta mota da kwalekwale zuwa Bamako. Talakawa ne fa, da sun so kuɗi da sun samu masu saye.

Alhaji_Canji:
Malam su ma ai sai da Turawa suka turo kuɗin jigila. Komai dai ka juya kuɗin ne.

Dan_Agege77:
Kai jama'a kun rikita ni. Da safe ina da tabbacin a sayar, yanzu in na karanta Mama sai in ce a'a, in na karanta Alhaji sai in ce e. Amma maganar Basakkwace ta tuna min wani abu. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa da ya zo Legas fataucin goro ya zo da wata adakar ƙarfe, tana nan ƙarƙashin gadon Inna a Agege, na san akwai Alƙur'ani rubutun hannu da wasu takardu a ciki. Rabon da a buɗe tun kafin ruwan da ya shigar mana ɗaki shekara uku da suka wuce. Wlh yanzu tsoron buɗewa nake.

Hajiya_Laburare:
Subhanallahi, ƙarƙashin gado a ƙasa, a wannan laimar ta Legas? Ɗana gobe-goben nan ka ɗaga ta ka ɗora a kan tebur. In ka buɗe ka ga sun jiƙe ko sun manne kar ka ɓamɓare, kar ka shanya a rana, kar ka sa a leda, kuma don girman Allah kar ka fesa musu maganin sauro. Ka baza a inuwa inda iska ke shiga. In Inna ta yarda ranar Asabar jikana zai kawo ni in duba, ka turo min kwatance ta akwatin saƙo.

Dan_Agege77:
Na gode Mama, Allah ya saka da alheri. Bari in fara shawo kan Inna, don ko mu ba ta bari mu taɓa adakar nan.

Alhaji_Canji:
Ɗan Agege in an buɗe a ɗan turo mana hoto mu gani. Ba saye zan yi ba fa, tambaya ce kawai, irin wannan nawa yake kaiwa?

Gardi_Mile12:
Alhaji!!

Basakkwace_Apapa:
Kar ka tura mishi. Haka mai motar nan ma ya fara.